Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya: ina tsoron rasa aikin mutane

Auwalu_Dorayi, Talata bayan Isha'i

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan an yini lafiya.

Wata magana ce ta hana ni sukuni yau kwana huɗu, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Kwamfutata guda ɗaya ce tak, HP EliteBook 840 G3, ta hannu, wadda na saya a Beirut Road shekara uku da suka wuce bayan na daɗe ina zubin adashi. Core i5 ce ƙarni na shida, RAM giga 8, ma'adanarta SSD mai giga 256, kuma Windows 10 ce a kanta. Da ita nake ci, da ita nake sha. Ina da ɗan teburi a shagon yayana a wajen Kabuga, ina zana wa mutane katin ɗaurin aure, kalandar biki, sitika, takardar shaidar sauka ta Islamiyyoyi, wani lokacin har allon talla na masu shago. Duk da CorelDRAW nake yi, don masu injin bugawa da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel suka saba karɓa. In ka kai musu wani abu daban, sai an yi ta ja-in-ja a kan launi da girman rubutu.

To wata biyu ke nan da na shiga wani ajin yamma inda ake koya mana haɗa kwamfutoci da kula da saba. Malaminmu ya ce daga Litinin mai zuwa kowa ya zo da Ubuntu, wato wani nau'in babbar manhajar Linux, a kwamfutarsa, domin galibin sabobin da ke ɗauke da shafukan intanet Linux ce a kansu, kuma ba a koyon iyo a tudu. Wasu 'yan ajin suna da kwamfuta biyu, sun goge ɗaya sun huta. Ni ba ni da wannan halin.

Na ji an ce ana iya zaunar da babbar manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, in ka kunna ta tambaye ka wacce za ka shiga. Na kalli bidiyo ya kai goma a YouTube, amma kowa da nasa salon. Wannan ya ce a kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhaja kafin kwamfuta ta tashi da ita, wancan ya ce kar a taɓa shi. Wannan ya yanka ma'adana gida huɗu, wancan ya danna abu ɗaya ya ce an gama. Kuma duk cikinsu babu wanda ake ɗauke wa wuta yana tsakiyar aiki. Ni batirina in ya yi ƙoƙari ya yi minti hamsin.

Wallahi ba kwamfutar ce ta fi damuna ba, aikin mutane ne. Zanen kusan shekara uku ne a ciki. Akwai Islamiyyar da duk shekara suke dawowa in canza musu sunayen ɗalibai kawai a kan tsohon zane. Akwai wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra da tambarinta a wurina kaɗai yake, ita kanta ba ta da shi. In aka wayi gari waɗannan sun tafi, ban san da wane ido zan kalle su ba.

Shin abin zai yiwu ba tare da na goge Windows ba? Giga 90 ne ya rage min, nawa zan ba wa Ubuntu? In kuma daga baya na ga ba zan iya ba, ana iya cire ta a koma yadda ake? Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya taimaka min.

Baban Hanifa, Laraba da safe

Wa alaikumus salam, Auwalu. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta, kuma irin wannan EliteBook ɗin ta ratsa teburina ba adadi. Zai yiwu, kuma za ta ɗauka ba tare da wahala ba. Amma ka bi ni a hankali, ƙanena, kar ka sa na baya a gaba.

Kafin ka sauke ko fayil ɗaya, ka kwashe aikin mutane. Ba a filashin da za ka sa Ubuntu ba, don shi goge shi za a yi tas. Nemi ma'adanar waje, ko ta aro ce, ka kwafe komai, sannan ka je wata kwamfutar ka buɗe fayil goma daga ciki ka ga suna buɗewa. Ina nanata wannan ne saboda filashin jabu ya yi yawa a kasuwa. Za a rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, ya nuna maka ya karɓi komai, sai ranar buƙata ka tarar da fanko. Kuma kar ka manta da nau'o'in haruffan da ka tara. Mai zane in ya rasa haruffansa, tsohon aiki zai buɗe amma ba zai yi kama da kansa ba.

Yanzu bari in nuna maka abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi tsoron zai ragu. Ka ɗauki ma'adanarka kamar gidan cikin gari, akwai soro, akwai ɗakuna. A kwamfutoci masu tsarin UEFI akwai wani ɗan yanki a ma'adana, yawanci mega 100, wanda ba ka ganinsa a inda kake ganin C. Shi ne soron. Duk sanda ka danna maɓallin kunnawa, nan kwamfuta take fara tsayawa ta ga wa zai shigar da ita ciki. A yanzu Windows ce kaɗai ta ajiye ɗan aikenta a wurin. In ka girka Ubuntu, za ta samu ɗakinta daban, sannan ta ajiye nata ɗan aiken a soron, sunansa GRUB. Shi ne zai riƙa tsayar da kai na daƙiƙa goma ya tambaye ka ɗakin wa za ka. Ɗaya kawai ake shiga a lokaci guda. In kana Ubuntu, Windows a kashe take gaba ɗaya, ba ta cin RAM ba ta cin batir.

Don haka fara duba ko gidanka yana da soron. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka nemi layin da aka rubuta "BIOS Mode". In UEFI ka gani, alhamdu lillahi. In Legacy ne, ka dakata ka dawo ka faɗa min. Kwamfutocin hannu da yawa da ake sa wa Windows a gurguje a tsohon tsari ake sa musu, mai suna MBR, wanda ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu. Abin da ya fi kawo min mutane shago shi ne Windows tana tsohon tsari, su kuma sun girka Ubuntu a sabo, sai kowacce ta kasa ganin 'yar uwarta.

Sai abu biyu a cikin Windows. Tun daga Windows 8, in ka ce ta mutu ba mutuwar gaske take yi ba, wani ɗan barci take shiga don ta tashi da wuri, shi ne Fast Startup. Tana barin ma'adana kamar wadda ake kan amfani da ita. In Ubuntu ta tarar da haka za ta ƙi rubuta komai a ɓangaren Windows, kuma gara da ta ƙi, don in aka tilasta fayiloli na iya lalacewa. Buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta powercfg /h off, an gama da wannan. A nan kuma ka rubuta manage-bde -status ka ga ko BitLocker, mai kulle ma'adana da mabuɗin sirri, a kunne take. In a kunne take, akwai mabuɗinta mai lamba 48. Rubuta shi a takarda da biro, sannan ka kashe ta, ka jira ta gama kwance ma'adanar gaba ɗaya.

Yankan fili kuma daga cikin Windows za ka yi, ita ta fi sanin inda kayanta suke. Rubuta diskmgmt.msc, danna dama a kan C, zaɓi "Shrink Volume". Ubuntu giga 25 take nema a ƙalla, amma wannan takura ce. Ba ta 50, wato ka rubuta 51200. Sauran 40 ɗin ka bar wa Windows, don Corel yana son wurin shaƙatawa in ana babban zane. Filin da ka yanka zai fito da baƙin layi a samansa. Ka bar shi haka, kar ka yi masa fomat, kar ka ba shi harafi.

Sauke Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024 kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Kusan giga 6 ce, ka nemi inda intanet ba ya yankewa. Sa ta a filashi da Rufus, manhajar da ke shirya filashi don girkawa, ka zaɓi GPT, wato sabon tsarin. Kashe kwamfuta, soka filashin, kunna kana danna F9, shi ne maɓallin zaɓi a HP. Secure Boot ka bar shi yadda yake, Ubuntu tana tashi da shi. Da ta buɗe kar ka yi saurin girkawa. Zaɓi gwadawa tukuna, tana aiki daga filashin ba tare da ta taɓa ma'adana ba. Haɗa Wi-Fi, kunna sauti, gwada kyamara. In duk sun yi, sai ka girka, ka zaɓi layin da ya ce a zaunar da ita kusa da Windows, "Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager". In ba ka ga wannan layin ba, ka tsaya, akwai abin da bai daidaita ba.

Maganar wuta: wuri biyu ne haɗari, lokacin yanka da lokacin girkawa, duka ba su wuce rabin awa ba a SSD. Cika batir, sannan ka je gidan da akwai sola ka jona caja. Kar ka dogara da wutar da aka kawo da rana.

Malama Rabi, Laraba da azahar

Auwalu, sannu da ƙoƙari. Baban Hanifa ya faɗi hanya daidai, ba ni da gyara a kanta. Inda muka bambanta tun daga tushe ne: ban gamsu cewa kana buƙatar raba ma'adanarka ba.

Ina koyar da ɗalibai irinku a Tarauni, kuma na sha ganin yadda abin yake ƙarewa. Yaro ya raba kwamfuta cikin zumuɗi, mako biyun farko kullum yana Ubuntu. Sai mai aiki ya shigo a gyara masa suna ɗaya a kati, ya kashe ya koma Windows, ya gama, ya ji nauyin sake kashewa. Bayan wata uku giga 50 suna zaune babu mai leƙa su. Kai da kake zaune a shago mutane suna shigowa kowane lokaci, wannan kashe da kunnawar za ta gajiyar da kai.

Abin da za a koya muku a watannin farko umarni ne a baƙin allo: buɗe wa mutane asusu, izinin fayil, shiga wata kwamfutar ta SSH, girka Apache ko Nginx, manhajojin da ke ɗauke da shafukan intanet. Duk za ka iya yin su ba tare da ka taɓa ma'adana ba. In Windows 10 ɗinka ta kai sigar 2004 ko sama, akwai WSL mai tafiyar da Linux a cikin Windows, umarni ɗaya ne, wsl --install, sai Ubuntu ta zauna a cikin taga kusa da Corel ɗinka. Ko ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙiro kwamfuta a cikin kwamfuta, kyauta ce, ka girka Ubuntu Server a cikinta, wadda ba ta da hotuna da ado, giga 2 na RAM ya ishe ta. Abin da nake so da wannan hanyar shi ne kana iya adana halin da take ciki kafin ka gwada abu mai haɗari. In ka ɓata, minti ɗaya ka koma baya. Ɗalibi dole ya ɓata abu, to ya ɓata a inda ba abincinsa yake ba. Sai dai ka shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, da F10 ka tabbatar an kunna VT-x, wanda ke ba da damar tafiyar da manhaja a cikin manhaja, in ba haka ba duka biyun ba za su tashi yadda ya kamata ba.

Amma zan faɗi abin da ke gefen Baban Hanifa, don gaskiya ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma jerin na'urorin Intel da ta amince wa Windows 11 daga ƙarni na takwas ya fara, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Taka ta shida ce. Wato kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma hanyar Windows ta fara ƙure mata. Sabawa da Linux a kanta zai amfane ka nan gaba ko da babu aji.

Kuma don Allah in wani a ajinku ya ce ka sa Kali, wani nau'in Linux ɗin, ka ce masa a'a. Don masu gwajin tsaro aka yi ta, ba don mai koyo ya zauna a kanta kullum ba.

Sagir_Fagge, Laraba da dare

Ɗan uwa, ni ba gwani ba ne, abin da ya same ni kawai zan faɗa maka.

A 2022 na yi wannan aikin da misalin ƙarfe ɗaya na dare, don a lokacin aka kawo wuta. Barci a idona. Na zo wurin zaɓin nan, layi ɗaya na cewa a zauna tare da Windows, wani na cewa "Erase disk". Na rantse har yau ban san yadda hannuna ya kai ga na biyun ba. Ta ma yi min gargaɗi, na danna ci gaba ban karanta ba, saboda duk daren ci gaba nake dannawa.

Ba takardun makaranta ne suka dame ni ba. Hotunan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, na lokacin da ya dawo daga Hajji, da muryarsa da na naɗa yana ba mu tarihin gidanmu. A wurina kaɗai suke. Na kai ta wurin masu gyara uku, duk suka ce da tsohuwar ma'adana mai juyawa ce da an ɗan sa rai, amma SSD in ta share abu da wuya ya dawo. Bai dawo ba.

Ka yi da rana, cikinka da abinci. In ka zo wannan shafin ka cire hannunka daga kwamfutar, ka karanta da ƙarfi, kuma a samu wani a gefenka ya karanta tare da kai.

Auwalu_Dorayi, Alhamis da safe

Sagir, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Maganarka ta shige ni. A daren jiya na aro ma'adanar waje wurin yayana na kwashe komai har da haruffa, yau da safe na buɗe su a kwamfutar maƙwabcinmu mai buga takardu. Duk sun buɗe.

Malama, na gode ƙwarai, kuma na gwada shawararki tun kafin in yi tambaya, sai dai cikakkiyar Ubuntu na sa a VirtualBox, ban san da mara ado ba. Fankar kwamfutar ta riƙa kuka, ƙasanta ya yi zafin da ba a ɗora ta a cinya, ga zafin garin nan, batir kuma bai kai rabin awa ba. A ajin namu ba kullum ake tayar da janareta ba. Sannan malamin ya ce yana so mu ga yadda Linux take hulɗa da ainihin ƙarfen kwamfuta, katin sadarwa da ma'adana da sauransu. Ajin kuma bayan Magariba ne, lokacin na rufe teburi. Da rana Windows, da dare Ubuntu, sau ɗaya zan sauya. Amma zan sa WSL ɗin ma, don in riƙa maimaita darasi a shago in babu mutane.

Yaya Baban Hanifa, na duba: UEFI ce, BitLocker a kashe take. Sai dai na ci karo da wani abu. Giga 90 ne babu komai, amma da na je yankawa Windows ta ce giga 31 kawai za ta iya saki. Ban danna komai ba, na rufe. Me ya jawo haka?

Baban Hanifa, Alhamis da yamma

Ka kyauta da ka rufe. Ba lalacewa ba ce. Akwai wasu fayilolin Windows da ba ta iya matsar da su tana aiki, kuma in ɗayansu ya zauna can wajen ƙarshen ma'adana, ba za ta yanka ta wuce shi ba. Yawanci fayil ɗin da take taimaka wa RAM da shi ne, ko wuraren komawa baya na System Protection. Kashe su biyun na ɗan lokaci, sake kunna kwamfutar, ka kuma gwadawa. Da ka yanka sai ka mayar da su yadda suke, kar ka manta. In ta tsaya a 45, karɓi 45.

Akwai kuma wata hanya in ka samu kuɗi nan gaba. Wannan samfurin yana da gurbin ma'adana biyu, siririyar M.2 da mai inci biyu da rabi. In ɗaya babu komai, ka sa wata SSD ka ba wa Ubuntu ita kaɗai. Ni ita na fi so wa masu sana'a.

Tunda ka yanke shawara, ga abin da zai biyo baya don kar ka firgita. Agogo zai rikice. Windows tana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin gari, Linux kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya awa ɗaya muke gaba da shi. Duk sanda ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows za ka ga ta koma baya da awa guda. A Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock. Za ta yi maka gargaɗi, amma damuwar ta fi shafar ƙasashen da suke canza agogo da bazara da hunturu, mu ba ma canzawa.

Wani lokacin kuma bayan babbar sabuntawa sai kwamfuta ta wuce Windows kai tsaye ba ta nuna GRUB ba. Ubuntu tana nan, layi ne aka sauya a soro. Danna F9 ka zaɓe ta, ko ka shiga F10 ka mayar da ita gaba. A Agustan 2024 ma wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama masu manhaja biyu, sai da aka bi ta hanyar kashe Secure Boot na ɗan lokaci aka gyara. Shi ya sa nake cewa kar ka goge filashin nan bayan ka gama, ka ajiye shi.

Tambayarka ta cirewa: ana cirewa. Amma ka fara mayar da Windows Boot Manager gaba a BIOS, ka tabbatar tana tashi da kanta, sannan ka share yankin Ubuntu ka mayar wa C filinsa. Masu fara sharewa su ne suke tarar da baƙin allo da kalmar grub tana jiransu.

Malama Rabi, Alhamis da dare

To, tunda ajin da dare ne, hujjarka ta tsaya, Allah ya taimaka. Abu ɗaya zan ƙara. Ubuntu tana ganin fayilolin Windows, amma Windows ba ta ganin na Ubuntu, don ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye fayil da shi, ba yarenta ba ne. Duk abin da kake so ka samu a ɓangare biyun, ka ajiye shi a gefen Windows. Kuma in ka shiga can daga Ubuntu, ka tsaya a kan fayilolinka, kar ka taɓa na Windows kanta. A wurin zaɓen allon rubutu ka duba, akwai na Hausa na Najeriya, mai ƙ da ɗ da ɓ.

Auwalu_Dorayi, Lahadi bayan Magariba

Alhamdu lillahi, an gama, kuma da Ubuntu nake rubuta muku wannan.

Jiya Asabar na tafi gidan yayana a Rijiyar Zaki da hantsi, don suna da sola. Bayan na kashe abubuwa biyun da Yaya Baban Hanifa ya ce, Windows ta saki har giga 70, na ɗauki 50 na bar mata sauran. Saukewar ce ta fi ba ni wahala, sau biyu tana yankewa a wayata, sai da wani ɗan ajinmu ya ba ni tasa a filashi.

Na zauna a gwaji kusan minti ashirin. Wi-Fi ya kama nan take, sauti ya fito, har maɓallan ƙara haske suna aiki. Da na zo shafin da Sagir ya faɗa, na kira 'yar yayana da ke aji biyar a sakandare, na ce ta karanta min layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta, na karanta, na sa yatsa a kan na zama tare da Windows, ta ce shi ne, sannan na danna. Wallahi sai da tafin hannuna ya jiƙe. Girkawar ba ta kai minti ashirin da biyar ba. Da ta sake tashi na ga jerin nan, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa, Windows na fara shiga. Na buɗe Corel, na buɗe takardar Islamiyya, na buɗe tambarin Hajiya. Komai yana nan yadda na bar shi. A take na tura mata tambarinta ta WhatsApp na ce ta adana, sauran masu aikin ma na fara tura wa kowa nasa.

Agogon kuwa ya kama ni duk da an gaya min. Na manta ban rubuta umarnin ba. Yau ina shago ina sauri in gama wani kati, kwamfuta tana nuna uku saura kwata, sai na ji ana kiran La'asar. Na duba waya, huɗu saura kwata. Mai katin kuma huɗu muka yi da shi. Na ba shi haƙuri ya jira ni muka yi salla tare, sannan na ƙarasa masa. Yanzu na gyara, na gwada sau biyu, lokaci ɗaya suke nunawa.

Fankar ma shiru take a Ubuntu, ba kamar lokacin VirtualBox ba.

Abu ɗaya ne ya rage. Abin sauraro na kunne da nake haɗawa ta Bluetooth, in na haɗa shi a Ubuntu sai ya ƙi Windows, in na sake haɗa shi a Windows sai ya ƙi Ubuntu. Ko wani abu na ɓata?

Baban Hanifa, Lahadi da dare

Madalla, ƙanena, Allah ya sa albarka. Ba ka ɓata komai ba. Abin kunnen yana ganin kwamfuta ɗaya ce, don katin Bluetooth ɗin ɗaya ne, amma kowace manhaja da mabuɗin sirrin da ta ƙulla da shi, shi kuma na ƙarshe kawai yake riƙewa. Ana iya kwafo mabuɗin daga Windows a kai wa Ubuntu, sai dai aikin yana buƙatar shiga wurare masu haɗari, ba na wannan makon ba ne. Ka bar shi a Windows, ka tafi aji gobe da mai waya. Filashin kuma ka liƙa masa takarda ka rubuta Ubuntu a jiki, kar wani a shago ya ɗauka ya zuba hotunan biki a kai.